ƊAN'UWANKA DA YA MAKANCE DA GIRMANSA: MENE NE HAKKINSA A KANKA?

Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya ba mu ji da gani ba tare da mun biya ko anini ba, kuma Shi ke da ikon karɓar abinSa ran da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi sunnarsa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, darasinmu a kan mutumin da ya rayu da idonsa shekara 30, ko 40, ko 60 ne. Ya yi noma, ya ci kasuwa, ya yi aure ya haifu, sa'an nan duniya ta yi masa duhu, ko dai farat ɗaya ko sannu a hankali. Wanda aka haifa makaho ya koyi duniya da kunne da hannu tun yana rarrafe. Wannan kuwa da ido ya koye ta, ga shi an ce ya sake koyo daga farko da furfura a kansa.

Duba unguwarku, a Ƙanƙara kake, ko Faskari, ko Sabuwa, da wuya ka rasa irin wannan bawan Allah. Ka kuma san abin da muka saba yi. Makon farko a cika zaurensa, kowa ya ce, "Sai haƙuri, Malam, haka Allah Ya so." Mako na biyu ƙafa ta ɗauke. Wurin da yake tsayawa a sahu wani ya maye shi. Bayan wata uku, in an ambace shi sai a ce, "Af, yana nan kuwa?" To ka sani, haƙuri wajibi ne a kansa, amma taimakonsa ya iya yin haƙurin hakki ne a kanmu. Wannan hakkin muke so mu bayyana, da taimakon Allah.

FASALI NA ƊAYA: GIRMAN AL'AMARIN

Tsakanin 2005 da 2007 an yi babban binciken lafiyar ido a duk faɗin Nijeriya. An samu cewa wajen mutum 4 cikin kowane 100 na waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, watau mutum fiye da miliyan ɗaya a lokacin. Yanar ido ita ce ta makantar da kashi 43 cikin 100 nasu. Ciwon da ake kira hawan jinin ido, likitoci kuwa suna ce masa gilakoma, shi ke biye da wajen kashi 17. Abin da ya fi sosa rai shi ne, kashi 84 cikin 100 na makantar nan irin wadda za a iya hanawa ce ko a warkar.

A ƙasarmu ta noma akwai ƙarin dalilai. Karan dawa ko ganyen masara ya soki idon manomi da kaka, ya raina abin, a ɗiga masa ruwan ganye ko wani haɗi, gyambo ya ci baƙin idon ya bar hakiya. Ga ciwon suga da ke lalata ido a ɓoye. Ga haɗarin babur. Ga kuma raunin harsashi a shekarun nan na 'yan bindiga. Saboda haka kada ƙuruciya ta ruɗe ka ka ce wannan maganar tsofaffi ce. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

FASALI NA BIYU: ABIN DA KE CIKIN ZUCIYARSA

Ba za ka iya taimakon mutum ba sai ka san abin da ke cinsa. Mu da ke waje ido kaɗai muke gani ya tafi. Shi kuwa abubuwa da yawa ya rasa a lokaci guda.

Ya rasa sana'arsa, watau ya rasa cefanen da yake mikawa da safe, wanda da shi yake jin shi maigida ne. Ya rasa tafiyarsa, sai an kai shi, sai an dawo da shi. Ya rasa sirrinsa, wasiƙarsa sai an karanta masa, kuɗinsa sai an ƙirga masa, har makewayi sai an raka shi. Ya rasa fuskokin 'ya'yansa. In mai karatu ne, ya rasa Mus'hafinsa. A bisa wannan duka ga tsoro: shin matata za ta zauna? Shin ƙannena za su sai da gonar ba da sanina ba? Shin in an kawo hari da dare, wa zai tsaya ya kama hannuna?

Wannan tambaya ta ƙarshe mutanen yankinmu sun san nauyinta. Tun kafin a sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 a Disamba 2020, da bayan nan, iyalai da yawa sun bar ƙauyukansu sun koma Ƙanƙara, ko Funtuwa, ko Malumfashi. Mai ido in ya yi ƙaura, gida kawai ya sake. Makaho kuwa ya haddace gidansa da ƙafa, ya san taku nawa ne daga ɗaki zuwa randa, daga zaure zuwa masallaci. Ranar da aka kai shi baƙon gida kamar ya sake makancewa ne karo na biyu.

Masu kula da irin waɗannan marasa lafiya sun lura da halaye da suka saba bayyana. Da fari mutum ba ya yarda, yana ta cewa hazo ne, zai washe. Sa'an nan fushi ya zo, ya riƙa faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya ture hannun mai taimakonsa. Daga nan ya shige ɗaki, ya ƙi fita, domin yana jin kunyar a gan shi ana jansa. In ya samu masu riƙe shi, a hankali sai ya sallama, ya fara tambaya, "To yanzu yaya zan yi kaza?" Ranar da ka ji wannan tambaya, ka gode wa Allah, warakar zuciya ta soma. Ba kowa ke bin wannan jeri daki-daki ba, wani yakan ci gaba ya komo baya. Amma in ka san da haka, ran da kawunka ya daka maka tsawa ba za ka yi zuciya ka daina zuwa ba. Ba da kai yake ba, da duhun yake.

FASALI NA UKU: BAƘIN CIKI BA YA KORE HAƘURI

Akwai kuskuren da masu son addini ke faɗawa ciki da kyakkyawar niyya. Su ga mutum yana hawaye su ce masa, "Haba, ina imaninka?" Wannan magana ba ta da madogara.

Koma Suratu Yusuf, aya ta 84 zuwa 86. Allah Ya ba mu labarin Annabi Ya'aƙubu (A.S.), Annabi ɗan Annabi, wanda baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har idanunsa suka yi fari. 'Ya'yansa suka yi masa faɗa a kan yawan tunawa da Yusufu, shi kuwa ya nuna musu cewa ga Allah yake kai kukansa. Allah bai zarge shi ba. Manzon Allah (S.A.W.) ma ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, kamar yadda ya tabbata a Bukhari da Muslim, ya kuma bayyana cewa hawaye da ɓacin zuciya ba laifi ba ne muddin harshe bai furta abin da Allah ba Ya so ba. Abin da aka hana shi ne fushi da hukuncin Allah da ɗebe tsammani daga rahamarSa.

Saboda haka in ka je wurinsa, fara da saurare. Bar shi ya faɗi abin da ya rasa, kada ka katse shi da wa'azi. Kada ka ce, "Ai gara kai, wane ƙafa da hannu ya rasa." Kada ka ce, "Wataƙila wani zunubi ne." Wa ya ba ka ilmin gaibu? Abdullahi ɗan Abbas, da Jabir ɗan Abdullahi, da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas (R.A.), duk idanunsu sun tafi a ƙarshen rayuwa, kuma Sa'adu yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna.

In ya huce, sa'an nan ka ba shi bushara. Bukhari ya ruwaito daga Anas (R.A.) hadisi ƙudsi mai ma'anar cewa bawan da Allah Ya jarraba da ɗauke masa idanunsa biyu ya yi haƙuri, Aljanna ce musanyarsa. A cikin hadisin an kira idanun da lafazin masoya biyu. Lura da wannan da kyau. Wanda Ya halicci ido Ya shaida cewa abin ƙauna ne aka rasa. To kai wane ne da za ka ce masa abin ba komai ba ne?

FASALI NA HUƊU: YADDA MAGABATA SUKA YI

Kowane yaro da ya yi izu biyu ya haddace Suratu Abasa, amma kaɗan ne suka tsaya a kan dalilin saukarta. Manzon Allah (S.A.W.) yana cikin magana da manyan Ƙuraishawa, yana kwaɗayin musuluntarsu, sai Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya zo yana neman a karantar da shi. Manzo ya ɗaure fuska ya juya. Makahon bai ga ɗaure fuskar ba, amma Allah Ya gani, Ya saukar da ayoyi da za a karanta har tashin ƙiyama. To ina ga mai yi wa makaho gwalo, ko mai yi wa na kusa da shi inkiya da ido a kansa? Bayan haka wannan sahabi ya zama ladanin Manzo tare da Bilalu, kuma sau da yawa in Manzo zai fita yaƙi shi yake bar wa Madina, ya yi wa mutane limanci.

Ga hadisai biyu da ya kamata ka haɗa su wuri guda. Na farko a Muslim yake, daga Abu Huraira (R.A.). Wani makaho ya nemi izinin yin salla a gida domin ba shi da ɗan jagora. Manzo ya yi masa izini, da ya juya sai ya kira shi ya tambaye shi ko yana jin kiran salla. Ya ce yana ji, sai aka umurce shi ya amsa kiran. Na biyu a Bukhari da Muslim yake. Itbanu ɗan Malik (R.A.) limamin mutanensa ne, ganinsa ya yi rauni, in an yi ruwa kwari yakan cika ya tsare shi daga masallaci. Ya roƙi Manzo ya zo ya yi salla a gidansa domin ya riƙi wurin ya zama wurin sallarsa. Manzo ya taka da ƙafarsa, shi da Abubakar (R.A.), ya tambaye shi inda yake so, ya yi raka'a biyu a nan. Aka kawo abinci, maƙwabta suka ji labari suka cika gidan.

Malamai sun yi magana mai tsawo a kan hukuncin jam'i daga waɗannan hadisai, ba ita muke bi ba a nan. Darasin da ke gabanmu a fili yake. Wanda zai iya zuwa, an ce kada ya yanke daga jama'a. Wanda hanya ta tsare, jama'a ta je ta same shi. Ba a bar ko ɗayansu shi kaɗai a ɗaki ba.

Ka'abu ɗan Malik (R.A.) da ya makance, ɗansa Abdullahi ne ya zama ɗan jagoransa, kuma ta bakin wannan ɗan ne dogon hadisin tubar Ka'abu ya iso mana. Watau jagorancin mahaifinsa bai rage shi da komai ba, ilmi ma ya ƙara masa. A zamanin Halifa Walidu ɗan Abdulmalik, wanda ya yi mulki daga shekara ta 86 zuwa 96 bayan Hijira, masu tarihi sun ambata cewa an sanya wa kowane makaho ɗan jagora daga baitulmali. A zamaninmu kuwa, Shaihu Abdul'aziz bin Baz ganinsa ya ƙare ƙaf a shekara ta 1350 bayan Hijira, yana ɗan shekara 20, sa'arka ke nan. Bai fasa karatu ba, ya yi alƙalanci, ya shugabanci Jami'ar Musulunci ta Madina, ya zama babban Muftin Saudiyya daga 1993 har rasuwarsa a 1999.

FASALI NA BIYAR: A FARA DA LIKITA

Kada ka yi wa mutum ta'aziyyar idon da bai mutu ba. Taimako na farko ga zuciyarsa shi ne ya san gaskiyar ciwonsa daga bakin likitan ido.

In yana ce, to a yi murna. Aiki ne na ɗan lokaci, a cire yanar a sa wani ɗan gilashi a madadinta, galibi washegari in an kwance ido mutum ya ga 'ya'yansa. Tsofaffi nawa ne ke zaune cikin duhu shekara da shekaru don tsoron wuƙar likita, ko don rashin saurayi ɗaya da zai raka su! In gilakoma ce, abin da ya tafi ba ya dawowa, amma ana tsare abin da ya rage da maganin ɗigawa kullum ko da aiki. Tana bin jini, saboda haka 'ya'yansa da 'yan'uwansa su je a auna su, kai ma har da kai.

A fara da babban asibitin da ke kusa, na Ƙanƙara ko na Funtuwa, su tura ku gaba. Akwai cibiyar ido a Katsina, akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A Kano akwai asibitin ido na Makka, da na ECWA wanda ke aiki tun 1943.

Ka yi hattara da masu yawo ƙauye-ƙauye da tsinke, suna soka ido su tura yanar ciki. Mutum yakan ga haske na 'yan kwanaki ya yi ta sa albarka, daga baya ido ya rikice. Binciken da muka ambata ya samu cewa mafi yawan idanun da aka yi wa haka makafi ne. Haka kuma kada a sayi maganin ɗigawa a kasuwa ba da rubutun likita ba, domin wani yana ta da hawan jinin ido. Shi kuwa boka da zai ce kishiya ce ko ɗan'uba ya yi jifa, ya ci akuya ya raba zumunci, wannan ya haɗa wa mara lafiya hasara biyu, ta duniya da ta addini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar a nan ita ce barin mutum cikin ruɗu ba wanda ya kai shi ga masani.

In likita ya ce idon ba zai dawo ba, a gaya masa gaskiya da tausasawa. Kada iyali su yi ta yi masa alkawarin ƙarya, a sai da shanu a yi ta yawon neman magani. Wanda ke jiran ido ya dawo gobe ba zai yarda ya koyi riƙon sanda yau ba.

MAS'ALA TA FARKO: Tsohonmu tun da ganinsa ya tafi yana cewa yana ganin mutane da dabbobi da zane-zane a ɗaki. Aljanu ne ko taɓin hankali?

AMSA: Kada a yi gaggawa. Likitoci sun san wannan hali tun 1760, lokacin da wani masani mutumin Janeba, Charles Bonnet, ya bayyana shi a kan kakansa mai yanar ido, da sunansa ma ake kiran abin. Ƙwaƙwalwa ta saba karɓar hotuna daga ido, in suka yanke sai ta riƙa fito da nata. Alamarsa ita ce mutum yana cikin hankalinsa, ya san abin ba gaske ba ne, kuma gani ne kawai ba ya jin murya. Da yawa suna ɓoyewa don tsoron a ce sun haukace. A gaya wa likita ya tabbatar, a kwantar masa da hankali, ya riƙe azkar ɗinsa. Sau da yawa abin yakan ragu da kansa.

MAS'ALA TA BIYU: Yaushe baƙin ciki ke zama ciwo?

AMSA: In ya wuce mako biyu kullum cikin ƙunci, ba ya cin abinci, barci ya gagara, abin da yake so da duk ya fita ransa, ya bar wanka, yana cewa shi kaya ne a kan mutane, to wannan ciwon damuwa ne. Ciwo ne kamar suga da hawan jini, yana kama mai salla da mai azumi, kuma yana da magani a asibiti. In ka ji ya ce gara ya mutu ya huta, kada ka yi kamar ba ka ji ba. Zauna ka tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin halaka kansa, tambayar ba ta jefa shi ciki. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin feshi na gona da maganin ɓera daga inda hannunsa zai kai. A kai shi ga likita a ranar. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa, Kaduna, da na Dawanau a Kano. Manzon Allah ya hana mutum burin mutuwa saboda cutar da ta same shi, kuma ya yi umurni da neman magani. Addu'a da magani tare suke tafiya.

FASALI NA SHIDA: LADUBBAN ZAMA DA SHI

1. In ka shigo, yi sallama ka faɗi sunanka. Bar wasan nan na "Ka gane ko wane ne?" In za ka tashi ka gaya masa, kada ka bar dattijo yana magana da bango.

2. Yi magana da shi kansa. Kada ka tambayi matarsa, "Zai sha kunu?" alhali ga shi zaune. Kada kuma ka ɗaga murya, kunnensa lafiya lau.

3. In za ka yi masa jagora, kada ka ja shi da sanda ko da riga. Shi zai riƙe damtsenka sama da gwiwar hannu, kai kana gaba da rabin taku. Gaya masa ga kwata, ga tudu, ga ƙofa. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Zarri (R.A.) cewa zama ido ga mai raunin gani sadaka ce, kuma an ruwaito la'ana a kan wanda ya ɓatar da makaho daga hanya.

4. Kome nasa ya zauna wuri ɗaya, buta, takalmi, sanda, rediyo. Kada a bar ƙofa rabi a buɗe, ko turmi da galma a tsakar gida. A ɗaura igiya daga ɗakinsa zuwa makewayi domin ya je da kansa. A shimfiɗa masa dardumarsa daidai alƙibla a wuri sananne.

5. Abin da zai iya yi, bar shi ya yi, ko zai daɗe. Yawan "zauna kawai, a kawo maka" tausayi ne mai karya mutum.

6. A ci gaba da shawara da shi. Auren 'yarsa, sai da hatsi, rabon taki, shi ne maigida har yanzu. Kuɗinsa a ƙirga masa da amana, a koya masa ninke kowace takarda da irin ninkinta.

7. Wanda ba ya ganin haske sam, dare da rana sukan rikice masa. Salloli biyar a kan lokaci, da cin abinci a kan lokaci, da fita hantsi, suna daidaita masa barci.

8. In yana da babbar waya, akwai manhajar da ke karanta abin da ke kan allo da murya, TalkBack a wayoyin Android, VoiceOver a iPhone. Sa masa karatun Alƙur'ani da tafsiri a kati. In mai kwaɗayin karatu ne, akwai rubutun makafi na Braille da ake karantawa da yatsa, kuma an buga Alƙur'ani da shi.

9. Kada a cire yaro daga makaranta a mai da shi ɗan jagora na dindindin. Manya su raba aikin a tsakaninsu.

10. Kada ka manta da mata. Mahaifiyarka ko gwaggonka in ta makance ta fi namiji ɓacewa, domin dama tana cikin gida. A bar mata abin da ta iya, tsintar wake, ɓarar gyaɗa, tarbiyyar jikoki, a kuma kai mata 'yan'uwanta mata su yi hira.

FASALI NA BAKWAI: SANA'A DA BARA

A ƙasar Hausa an saba, da mutum ya makance sai a miƙa masa ƙoƙo. Ba mu zargin makafin da ke bara, domin galibi mu ne muka rufe musu sauran ƙofofi. Amma ka tuna hadisin Zubairu (R.A.) a Bukhari, inda Manzo ya fifita mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar a kan ya roƙi mutane. Makafin ƙasarmu sun daɗe da tufkar igiya da saƙar tabarma. Mai hadda ya karantar da yara, mai murya ya yi ladanci, mai ilmi ya yi limanci kamar Itbanu da ɗan Ummu Maktum. Manomi ya san ƙasa da iri da lokacin shuka, ya ci gaba da tafiyar da gonarsa da hannun 'ya'yansa. Ɗan kasuwan Sheme ko 'Yankara wayonsa na ciniki bai tafi tare da idonsa ba. Zakka da za a ba shi, a tara ta zama jari, kiwon awaki ko tebur a ƙofar gida.

Ka kuma sada shi da makahon da ya riga shi, wanda ya saba, yana tafiyarsa da sandarsa yana riƙe da iyalinsa. Sarkin Makafi na garinku da ƙungiyar makafi sun san irin waɗannan. Kalma ɗaya daga wanda ya bi hanyar ta fi wa'azinka goma. Dokar ƙasa ma tana bayansa: dokar hana wariya ga naƙasassu ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairu 2019, ta hana a nuna masa bambanci, ta kuma hana wani ya riƙa yawo da shi yana neman sadaka da sunansa.

KAMMALAWA

Ya kai ɗan'uwa, ilmin da ba a aiki da shi hujja ce a kan mai shi. Kafin Juma'a mai zuwa, ku samari na masallacinku ku zauna da liman ku ƙirga mutum nawa ne suka daina zuwa jam'i saboda ido, da mata nawa ne a cikin gidaje. Ku gano wanda likita bai taɓa dubawa ba, ku haɗa kuɗin mota. Ku raba salloli, wane ya ɗauko Malam da Asuba, wane da Magariba. Ku ware masa wuri a sahu kusa da bango, da inda zai riƙa ajiye takalmi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma zumunta a ƙafa take.

Allah Ya faɗa mana a Suratul Hajji, aya ta 46, cewa makantar da ake tsoro ita ce ta zukatan da ke cikin ƙiraza. Wanda ke wuce ƙofar maƙwabcinsa makaho sau biyar a yini zuwa masallaci bai taɓa ƙwanƙwasawa ba, ya binciki tasa zuciyar.

Allah Ya jiyar da mu daɗi da jinmu da ganinmu muddin muna raye. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba waɗanda Ya jarraba haƙuri da sakamakon da Ya yi musu alkawari, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuma Shi ne Mafi sani.